Shekarar da Alkamarmu Ta Sha Ruwan Lahadi

Ku biyar da na haifa, da 'ya'yanku, ku saurara. Ni ban shiga aji ba, bakina ne aka zuba a takarda, kuma na ce kada a gyara mini magana ko da ta yi ɗaci. Yau kan babanku zan tsaya, Malam Barnaba, kan shekara ɗaya tak daga cikin shekarun da muka yi tare. Kun san labarin shekarar, kun sha ba 'ya'yanku shi. To, rabinsa kuka sani.

Babanku manomi ne, ɗan manomi, kuma mai bin Almasihu ne tun daga gashin kansa har tafin ƙafarsa. A ƙauyenmu na kusa da Auyo gida bakwai ne kawai masu bi, sauran gari duk Musulmi, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarya a cikin bakwai ɗin ko a cikin sauran. Idan aka yi rigimar iyakar gona, shi ake kira, don an san ba zai matsar da kunya ko da faɗin yatsa ba. Ba ya zuba iri sai ya durƙusa a kansa ya yi addu'a. Dattijo ne a ikkilisiya, shi ke riƙe ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji, ranar da masu bi ke karɓar gurasa da ƙoƙo. Kowace Asabar da la'asar sai ya wanke fartanyarsa da laujensa, ya rataye su a zaure, ba mai taɓa su sai Litinin. Ko tsuntsu ne ya sauka a shinkafa ranar Lahadi ba ya kora, cewa yake ranar ba tasa ba ce. Kowace safiya kuma yakan tara mu a tsakar gida kafin a hura wuta, ya buɗe addu'a, ya yi ta yi har yara su fara gyangyaɗi, sannan ya ɗaga kai ya ce, “Rahila, rufe mana.” Ni ke rufewa. A duk faɗin garin nan ban san wata mace da mijinta ke ba ta wannan girma a gaban 'ya'yanta ba.

Da aka haƙa kanal, babbar hanyar ruwan nan, aka raba filayen noman rani, babanku ya samu nasa, muka fara alkama. Ruwa kuwa rabo ake yi, kowane mai fili da yininsa a mako, ranarka ce kawai za ka fasa bakin kunya ruwa ya shigo maka. Da aka yi rabon, sai Lahadi ta faɗo a kanmu. Amma Allah ya ba mu maƙwabcin fili, Malam Haruna, wanda tasa ta faɗo Juma'a. Shi yana son tafiya masallacin Auyo da wuri, babanku yana son sujadarsa. Suka yi musaya a tsaye a kan kunya, ba shaida, ba takarda. Shekara shida suna haka. Malam Haruna yakan tsokane shi ya ce su biyun nan sun raba wa Allah mako, kowa ya san ranar da zai kai gaisuwa.

Ana nan, ana nan, sai shekarar ta zo. Da damina kogi ya cika ya tsallake gaɓa, ya kwanta a kan shinkafarmu kwana da kwanaki, muka yi ta kallon ruwa inda ya kamata mu ga zangarniya. Rumbu bai ga komai ba. Kafin sanyi ya shigo Malam Haruna ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ɗansa ya ba wani mai sayar da bandar kifi hayar filin. Kanal kuma kachala, doguwar ciyawar nan mai toshe ruwa, ta cinye shi, ruwa ya ragu, kowa ya riƙe ranarsa da hannu biyu. Babanku ya je wurin mai kifin nan ya roƙe shi musayar da suka saba. Mutumin bai yi masa rashin kunya ba, ya dai ce ranar Lahadi kasuwar Haɗeja ke ci, ita ce cinsa, ita ce shansa, ba zai bar kifi ya zauna gadin ruwa ba. Ya bi sauran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kowa kasuwa. Ya je wurin mai rabon ruwa, aka ce masa in an taɓa ranar mutum ɗaya an taɓa ta kowa.

Kada ku ce babanku ya naɗe hannu. Daga Litinin zuwa Asabar, ni da shi, garwa muke ɗauka daga wani kududdufi da ke bayan filayen, muna zubawa fangali bayan fangali. Kafaɗarsa ta saɓule, ni kuma ina goye da autarku Lidiya. Amma garwa ba ta shayar da alkama. Kafin ka je ka dawo ƙasa ta shanye ta bushe kamar ba a zuba ba. Ranar Lahadi kuwa ruwanmu, namu na halal, sai ya zo ya bi gefen filin yana sheƙi, ya wuce, ya je ya ɓace a cikin kachala. Lahadi ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Alkama ta kai lokacin ɗaukar ciki, lokacin da in ta ji ƙishi ba ta yafewa. Ganyen ya fara naɗewa, ƙasa ta tsage har hannu na shiga. A gida bado muke ci, wanda nake shiga tabki in tsinko, da tuwon dusa idan an samu. Nonona ya ja baya. Lidiya ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan nishi kamar na mage. Ku manyan kun tuna, ko kun manta?

Asabar ɗin da ta biyo, yana wanke fartanya, na tsugunna kusa da shi na ce masa ko mai bisharar ikkilisiyarmu ya sha faɗa mana cewa Ubangiji bai hana ceton rai a ranarsa ba.

“Alkama ba rai ba ce, Rahila,” in ji shi.

“Yaran fa, Malam?”

“Wanda ya ba mu su ya san adadinsu.”

Ya rataye fartanyar. Magana ta ƙare ke nan a wurinsa.

Washegari na ce kaina na ciwo. Bai yi mini musu ba, ya ɗora mini hannu a goshi ya yi addu'a, ya tasa ku huɗu a gaba. Ina kwance na ji an buga tsohon ƙarfen da muke bugawa a madadin ƙararrawa, na ji an ɗauki waƙar farko. Sai na tashi. Na goya Lidiya, na ɗauki 'yar fartanyata ta shukar kuɓewa, na bi ta bayan gari. Babu kowa a filaye, duk an tafi Haɗeja, sai balbelu. Ban taɓa bakin da babanku ya saba fasawa ba, don sawun diddigensa na nan a kai inda ya danne, zai gane. Na zagaya can kusurwar gabas inda ciyawa ta rufe kunya, na fasa. Cikin filin kuwa kowane fangali bakinsa a buɗe yake tun zuwan ruwa na ƙarshe. Na zauna ina kallo. Ban taɓa jin ƙasa tana sha da ƙara ba sai ranar, tsagar tana huci, ƙananan ƙwari suna gudu suna hawa kara. Ban yi addu'a ba, ban kuma ji tsoro ba. Ku rubuta haka. Na san sujada za ta daɗe, bayanta kuma dattawa na da zama. Da rana ta karkata, ruwa ya kai ƙarshen fili, na tashi in toshe.

A nan na yi kuskuren da ya ci gidana. Namiji idan zai toshe kunya, fartanya yake sawa, ya tara ƙasa, ya danne da diddige, ya tafi. Ni macen murhu ce. Na kwaɓa laka, na cika wurin, na shafe shi da tafin hannu sumul kamar yadda nake yaɓen murhu da gindin rumbu. Kuma hannuna, ba da sanina ba, ya ja layi uku da yatsu a kai, irin adon da uwata ta koya mini, wanda ke kan kowane murhu da na taɓa ginawa. Na jawo ciyawa na rufe. Kafin ku dawo na wanke ƙafafuna na koma na kwanta.

Ranar Litinin da sassafe babanku ya tafi gona da garwarsa. Ba a jima ba na gan shi ya dawo da gudu, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko gobara ake yi. Ya ce fili ya sha ruwa tun daga kai har gindi, bakin kunya kuma yana nan yadda ya bar shi, da sawun ƙafarsa a kai. Ya zaga gari yana tambaya, mai kifi ya ce shi yana Haɗeja, kowa ya ce yana Haɗeja, kuma gaskiya suka faɗa. Ni kaɗai ce bai tambaya ba. Ina zai tambayi matar da ya bari kwance da ciwon kai? Ya durƙusa a tsakar gida ya yi kuka, ku ma kuka kama kuka ba ku san dalili ba. Lokacin ne ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, na dubi fuskarsa, na rufe.

Lahadin da ta biyo ya miƙe a gaban ikkilisiya ya ba da shaida. Ya ce ya kiyaye ranar Ubangiji, Ubangiji kuma ya yi masa ban ruwa da hannunsa. Ya kira sunan Allah a kan maganar har sau uku. Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata. Da mata suka ɗauki waƙa, tulun yana kan cinyata, na buga. Na buga da hannun nan. Wani Dauda da ya shekara biyu bai leƙo sujada ba ya zo gaba yana hawaye ya ce ya dawo. Labari ya fita gari. Mai kifi da kansa ya aiko ya ce ya ba da Juma'arsa, shi ba zai ja da mutumin da ake yi wa ban ruwa daga sama ba. Daga nan ba mu sake rasa ruwa ba. Alkama ta miƙe, ta fid da kai, ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba.

Bayan kamar mako uku, na kai masa abinci gona da hantsi. Na same shi a kusurwar gabas, ya yanke ciyawar wurin da lauje, yana zaune a ƙasa. Lakar ta bushe ta yi fari, tafin hannu a kwance a kanta, ga layi uku. Bai ɗago ba.

“Ajiye kwanon. Zo ki sa hannunki a nan.”

Na sa. Ya zauna daidai, kamar ƙafa a tsohon takalminta.

Na ce masa yara biyar ne, kuma ɗaya ta kusa tafiya. Na ce ruwan namu ne, ban saci na kowa ba. Na ce idan akwai zunubi a kaina yake, shi bai taɓa fartanya ba. Ya bar ni na gama duka.

“Ba ruwan nake tambaya ba,” ya ce. “Kina zaune, na tsaya a gaban jama'a na sa wa Allah abin da bai yi ba. Kina jina. Kika buga mini tulu.”

Na janye hannuna daga kan lakar. 

Na ɗauka zai kai ni gaban dattawa, a sa ni horo, in koma bencin baya, a hana ni Jibi wata shida ko shekara. Wallahi da ya yi haka da na gode masa, don horo yana da ranar ƙarewa. Ya daɗe yana kallon lakar. Sai ya ce idan ya faɗa, za a tozarta uwar 'ya'yansa a gaban gida bakwai, gari zai yi shekara yana dariyar masu bi, Dauda kuma zai koma inda ya fito. Idan bai faɗa ba, ƙarya za ta zauna a bakinsa har kabari. Ya ɗauki fartanya ya farfashe yaɓen, ya tara ƙasa, ya danne da diddige. Ya ce in ɗauki kwanon in tafi gida, ba ya jin yunwa.

Bai faɗa ba. Amma ku ji abin da shirun ya ci.

Wata bai cika ba ya ajiye dattijantaka, ya ce wa mai bishara ƙarfinsa ya ragu. Ranar Jibin Ubangiji, da aka miƙo masa gurasa da ƙoƙo, sai ya sunkuyar da kai ya bar su suka wuce. Aka yi ta binsa ana tambaya, ya ce tsakaninsa da Allah ne. Mutane suka ce tawali'u ne, wanda ya ga abin da ya gani dole ya ji bai isa ba, sai girmansa ya ƙaru a idonsu. Shekara ashirin da shida ƙoƙon nan yana wuce shi. Ni kuwa ina layin mata ina karɓa kowane wata, a gabansa, don idan na ƙi za a tambaya, idan aka tambaya abin da ya binne zai fito. Haka ya ɗaure ni da shirunsa.

Da aka yanke alkama aka sussuke, ya kai na Allah majami'a, ya kawo sauran ya jibge a ƙofar ɗakina.

“Ga abincin 'ya'yanki,” in ji shi.

'Ya'yanki. Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba sai ranar. Kuka ci dashishi, kuka ci alkubus, kumatunku suka dawo, Lidiya ta fara rarrafe tana jan zanen mutane. Shi bai sa ko ƙwaya ɗaya a baki ba, ba ta shekarar ba, ba ta wata shekara ba. Kun taso kuna cewa Baba alkama na ɓata masa ciki. Cikinsa lafiya lau. Tukunya biyu nake ɗorawa duk ranar da na yi abin alkama, tasa ta dawa daban.

Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Zanen Kirsimeti bai taɓa yankewa ba. Da na yi ciwon ƙafa shi ya goya ni a keke har asibiti. Amma washegarin ranar da ya ga yaɓen, ya tara mu addu'ar safe, ya buɗe, ya yi ta yi, da ya kai ƙarshe ya ɗan yi shiru a inda ya saba kiran sunana. Na gyara murya. Sai na ji ya rufe da kansa. Kun ce amin kuka watse, ba wanda ya lura. Daga baya da kuka girma ya riƙa ba ku, yau yayanku, gobe Talatu, har Lidiya da ta iya magana. Ni bai sake ba. Kowace safiya ta Allah ina zaune a tabarma ɗaya da shi ina jiran wurin nan, ina jin ya tsallake ni. Ku da kuke cewa ba ku taɓa ganin iyayenku sun yi faɗa ba, gaskiyarku. Da faɗa muka yi da ya fi sauƙi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata rana da la'asar kun fita raka masu dubiya, daga ni sai shi. Na ce masa, Malam, tafiya ta matso, ka sake ni daga maganar nan. Ya daɗe yana kallona, idanun sun yi zuru-zuru.

“Rahila, da za a mayar da ke ranar, za ki sake fasawa?”

Na san abin da yake so ya ji. Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta da ya ɗora mini hannu, wataƙila da ya ce in rufe mana. Amma na riga na taɓa barinsa ya tafi da ƙarya sau ɗaya.

“Zan sake, Malam. Sai dai ranar Litinin zan faɗa maka.”

“Na sani,” ya ce. Ya juya fuskarsa bango. Bayan kwana huɗu ya cika.

A wurin jana'izarsa mutum uku suka ba da labarin ruwan, kowa da ƙarin da ya yi masa. Wani ma cewa ya yi an ga haske a filin. Dauda, da furfurarsa, ya ce ba don wannan shaida ba da shi da zuriyarsa sun ɓata. Kuna ta kuka, ana riƙe ni ana cewa in yi haƙuri, na zauna da mutumin Allah. Na zauna da shi kam. Ba na ce muku ba mutumin Allah ba ne. Ban taɓa ganin mai tsoron Allah irinsa ba, kuma ban taɓa ganin wanda tsoron Allahnsa ya yi wa na kusa da shi nauyi haka ba. Ya tsare sunana a gari, ya hana ni wurina a gida. Ya ɗauki hukuncin ya sa wa kansa don kada a sa mini, amma bai taɓa tambayata ko ina so a ɗaukar mini ba.

Da na gama zaman makoki, na ɗauki sandata na tafi wurin faston da muke da shi yanzu, yaro ne mai ladabi, sa'an Lidiya. Na zayyana masa komai, tun daga bado har yaɓe. Na ce ina so ranar Lahadi a ba ni wuri in tsaya a gaban ikkilisiya in faɗa da bakina, in kuma akwai horo a sa mini, ko na kwana nawa ne ya rage. Ya saurara har ƙarshe, yana murza hannuwa. Sai ya ce shekarun sun yi nisa, mai maganar ya tafi, kuma labarin nan ya riƙe mutane da yawa a lokacin wahala, har a wasu garuruwa ana wa'azi da shi.

“Mama, ki bar shi haka. Ai ko ta hannunki ne, Allah ne ya yi.”

Na ce masa in haka ne, me ya sa ba za a faɗi hannun ba? Ya yi murmushi, ya ce in je in huta, zai sa ni a addu'a. Ya rako ni har bakin hanya, yana riƙe mini sanda a wurin tsallaka kwata.

Na dawo gida ba horo, ba gafara. Babanku ya hana ni faɗa don ya rufa mini asiri, fasto ya hana ni don ya rufa wa labari asiri. Ku ne kuka rage, kuma ku ba ku da ikon hana ni, don da alkamar nan aka yi naman jikinku. Idan kun ga dama ku ci gaba da ba 'ya'yanku yadda kuka saba, ba zan tashi daga kabari in yi muku gardama ba. Amma duk wanda zai bayar a cikinku, ya bayar yana sane.